Babi na Biyar: Ɗinkin Hannu da Shirya Duwatsun Ado Domin Sallah, Tashe da Kirsimeti

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, a babin da ya gabata mun koyi karanta lambobin da ke jikin tef ɗin awo, tun daga 1 har zuwa 60. A wannan babi za mu ɗauki waɗannan lambobi mu sa su aiki, mu ɗinka ƙaramar jaka, mu shirya sarƙar wuya, mu kuma yi kayan tashe na ban tsoro irin waɗanda yara ke so. Ku karanta kowace jimla sau biyu, kuma kada ku wuce wani layi sai hannunku ya aikata abin da layin ya ce.

Darasi na 1: Kayan aiki

Kowa ya tanadi allura, da zare baƙi da fari, da almakashi, da tef ɗin awo, da alli, da fil guda huɗu ko biyar. Ba sai kun sayi sabon yadi ba, domin ragowar atamfa ko shadda da tela ya yanke ya isa, kuma a nan Kaduna teloli da yawa a Tudun Wada da Unguwar Sanusi sukan bayar da irin waɗannan ƙyallaye idan aka roƙe su da ladabi. Mai son saye yana iya zuwa Kasuwar Barci. Duwatsun ado da zaren roba kuwa ana samunsu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar gari. Duwatsun gilas na Masagan Bida suna da kyau da nauyi, amma mai koyo ya fara da na roba masu araha, saboda za ku zubar da wasu kafin hannu ya faɗa.

Ku tuna cewa yadi ɗaya inci 36 ne. Idan na rubuta "inci 8", ku nemi lamba 8 a jikin tef, ku fara awo daga bakin ƙarfen da ke farkon tef ɗin. Na ga masu fara awo daga lamba 1, sai aikinsu ya gajarta da inci guda ba su san dalili ba.

Darasi na 2: Zura zare da ƙulli

Wannan darasi ya fi sauran tsawo, kuma da gangan na tsawaita shi, domin a duk ajin da na koyar, a nan ne mutane suka fi faɗuwa.

Ku yanki zare kamu biyu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu sau biyu. Zaren da ya wuce haka yakan cukuikuye a tsakiyar aiki. Ku yanke bakinsa da almakashi, kada ku tsinke shi da haƙori, domin haƙori yana tarwatsa bakin zare har ya ƙi shiga kafar allura. Ku ɗan jiƙa bakin, ku zura shi a kafar, sannan ku ja har bakuna biyun su daidaita. Wanda idonsa ya yi rauni ya sa farar takarda a bayan allurar, zai ga kafar sosai, kuma babu abin kunya a cikin haka.

Yanzu sai ƙullin farko. Ku riƙe bakuna biyun tare, ku naɗa su sau ɗaya a kan yatsanku manuniya, ku murza su da babban yatsa har zaren ya zame daga kan yatsan, sannan ku kama abin da ya murɗe ku ja shi ƙasa har ya zama ƙulli. Ku taɓa shi da farce. Idan kun ji ɗan tudu mai tauri, ƙulli ya yi. Idan kuwa zaren ya miƙe sumul, bai yi ba, sai ku sake. Ku naɗa, ku murza, ku ja. Ku yi haka sau goma a kan zare ɗaya kafin ku taɓa ƙyalle, ko da kuna ganin kun iya.

Sai ƙullin ƙarshe, wanda shi ne ainihin abin da nake son ku riƙe daga wannan babi. Idan kun kai ƙarshen ɗinki, kada ku ɗauki almakashi tukuna. Ku soka allura ku ɗebi ƙyalle ɗan kaɗan a daidai inda ɗinkin ya tsaya, ku ja zaren a hankali, amma kada ku ja shi duka. Ku bar ɗan zobe wanda yatsa zai iya shiga. Ku zura allurar cikin wannan zobe sau biyu, sannan ku ja har zoben ya rufe a jikin ƙyallen. Ku sake yin haka karo na biyu a wuri ɗaya. Bayan ƙulli na biyu ne kawai za ku yanke zare, kuma ku bar masa ɗan wutsiya kamar tsawon ƙwayar shinkafa.

Zan sake faɗa da wasu kalmomi saboda wanda bai gane ba. Ku ɗebi ƙyalle kaɗan, ku bar zobe, ku shiga zoben sau biyu, ku ja, ku maimaita, sannan ku yanke. Abubuwa shida ke nan, kuma almakashi ne na shida. Wanda hannunsa ke rawa kada ya damu, domin akwai wata dattijuwa daga Rigasa da ta yi makonni biyu tana fama da wannan zobe, yau kuma ita ce take nuna wa sababbin ɗalibai. Da koyo akan iya.

Akwai kuma abin da yake ɓata mini rai, kuma dole in faɗe shi. Ina gama bayani sai in ga wasu sun kai hannu ga almakashi, sun datse zare a gindinsa ba ƙulli, saboda suna son su riga na kusa da su gamawa. Washegari su dawo da ɗinki a warware suna cewa zaren ne ba shi da kyau. Zaren nan ɗaya ne na raba wa kowa. Ba gasa muke yi ba, kuma duk wanda ya kawo mini aiki babu ƙulli biyu a ƙarshensa, zan mayar masa ya warware ya faro daga farko.

Darasi na 3: Jakar barka da Sallah

Wannan ita ce ƙaramar jakar da yaro zai rataya a yawon Sallah yana zuba kuɗin da aka ba shi da alewa. Ku auna ƙyalle, faɗinsa inci 8, tsawonsa inci 14, ku zana da alli kafin ku yanka. Ku ninka shi biyu ta tsawonsa, fuskar da ta fi haske tana ciki, bayan ƙyallen yana waje. Wannan yakan rikita mutane, su ce ai an juya jakar. Haka ake so, domin daga baya za mu juyo ta, ɗinkin ya ɓuya a ciki.

Ku kafa fil a gefuna biyu. Ku ja layi da alli rabin inci daga bakin kowane gefe, a kan wannan layi za ku bi da allura. Ku fara daga ƙasa, inda ninkin yake, da ƙullin farko. Ku yi ɗinkin koma-baya: allura ta fito gaba kaɗan, sannan ta koma ta shiga inda ɗinkin baya ya ƙare, ta sake fitowa gaba. Irin wannan ɗinki ya fi ƙarfi, kuma jakar da za ta ɗauki kuɗi a hannun yaro mai guje-guje tana bukatar ƙarfi. A gefe ɗaya ku tsaya saura inci 2 ku kai sama, domin nan ne mazagi zai fita. Da kun tsaya, me za ku yi? Ku ɗebi ƙyalle kaɗan, ku bar zobe, ku shiga sau biyu, ku ja, ku maimaita, sannan ku yanke.

Ku kalmashe bakin jakar inci 1 ku ɗinke shi kewaye, ya zama ƙubaka kamar ta wando. Ku ƙulle ƙarshensa sau biyu. Ku juyo jakar, ku maƙala fil mai kulle a bakin igiya, ku tura shi cikin ƙubakar har ya fito ta ɗaya ɓangaren. Domin ado, ku yanki jinjirin wata da tauraro daga farin ƙyalle ku ɗinka a gaban jakar. Idan ta Kirsimeti ce, wadda ake yi ranar 25 ga Disamba, ku zaɓi ƙyalle ja da kore ku sa tauraro kaɗai. A garin nan na Kaduna mai sana'a yana da masu saye a Kawo, yana da su a Sabon Tasha da Barnawa, don haka ku koyi yin duka biyun.

Darasi na 4: Sarƙar wuya da awarwaro

Sarƙar babbar mace takan kai inci 18, ta yarinya inci 14, awarwaron babba kuwa kusan inci 7. Ku yanki zaren roba mai miƙewa wanda ya fi wannan awo da inci 6, saboda ku sami abin kamawa lokacin ƙulli. Ku shimfiɗa tsumma a kan faranti ku zuba duwatsun a kai don kada su gangara. Ku jera su a kan tsumman tukuna, misali fari uku, kore ɗaya, fari uku, kore ɗaya, kuna ƙirgawa da baki, sannan ku fara zurawa. Ku maƙale ɗaya bakin zaren da fil mai kulle kafin dutse na farko ya shiga.

Ƙullin zaren roba daban yake da na ɗinki, kuma ya fi shi santsi. Ku riƙe baki ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ku ɗora na dama a kan na hagu, ku zagaya da shi sau biyu, ku ja. Sannan ku ɗora na hagu a kan na dama, ku zagaya sau ɗaya, ku ja sosai. Dama bisa hagu, sannan hagu bisa dama. Idan kuka yi dama bisa hagu duka biyun, ƙullin zai yi kama da ya kama, amma da an ja shi zai zame. Ku ɗiga masa gam kaɗan, ku bari ya bushe, sannan ku yanke wutsiyar ku tura ƙullin cikin ramin dutse mafi kusa.

Wata ɗaliba ta taɓa sayar da sarƙa ana jajibirin Sallah, ta tsinke a wuyan yarinyar tun a hanyar Idi, duwatsu suka watse a ƙasa, uwar ta dawo ta karɓi kuɗinta. Na duba guntun zaren, na tarar ƙulli ɗaya ta yi, bayan na faɗa a aji ya fi sau ashirin. Ku ja sarƙarku da hannu biyu kafin ku miƙa wa kowa. Kuma kada ku sayar wa yaron da bai kai shekara 3 ba abin da aka yi da ƙananan duwatsu, domin yana iya haɗiyewa su shaƙe shi.

Darasi na 5: Fuskar dodo ta tashe

Daga goma ga watan azumi yara sukan fara tashe bayan shan ruwa, wasu su yi gemun auduga su zama tsofaffi, wasu su yi shigar dodo su tsorata ƙannensu. Turawan Amurka da Ingila ma suna da daren shigar ban tsoro ranar 31 ga Oktoba, wanda suke kira Halowin, kuma daga can ne hotunan jemage da kabewa mai haƙora suke zuwa cikin wayoyinku. Mu namu dodon yana cikin tatsuniya tun kaka da kakanni.

Ku yanki baƙin ƙyalle biyu, kowanne tsawonsa inci 9, faɗinsa inci 7, ku sa kwali a tsakaninsu. Ku ɗora a fuskar yaron ku yi alama da alli inda idanunsa suke, sannan ku sauke kafin ku huda. Kada ku kusanci fuskar yaro da almakashi. Ramukan ido su yi faɗi, domin da dare zai yi tafiya. Ku ɗinka haƙora da farin ƙyalle, harshe da ja, ku sa roba a gefuna biyu, kowane gefe da ƙulli biyu. Ku gargaɗi yaron ya nisanci wuta, saboda auduga da kwali suna saurin kamawa.

Darasi na 6: Gizo-gizon duwatsu

Ku ɗauki baƙin dutse babba domin ciki, da ƙarami domin kai, ku zura su a siririyar waya. Ku yanki waya huɗu, kowace inci 3, ku murɗa su a tsakanin duwatsun biyu, sai ƙafafu takwas su fito. Ku lanƙwasa bakin kowace ƙafa ciki don kada ta soki mutum. Wanda ba ya son yin siffar abu mai rai ya yi tauraro da wannan waya.

Darasi na 7: Farashi

Ku rubuta kuɗin zare da duwatsu da ƙyalle a littafinku, ku haɗa su, ku ƙara ladan aikinku a kai. Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da jaka ɗaya da awarwaro ɗaya, da kuma zare mai ƙulli goma a jikinsa, zan duba su ɗaya bayan ɗaya tun daga bakin ƙofa.