Yadda zaka jefa karin maganar damisa ta wasu ƙasashe a hira ba tare da an maka dariya ba

Rannan a teburin mai shayi nan Tudun Wada wani yaro ɗan boko ana musun siyasa ya ce wai "damisa bata canza ɗigonta", kowa yayi tsit, mai shayi ya ɗago daga kan kaskon ƙwai yace malam ai hali zanen dutse kake nufi. Kaga an gama dashi kenan. Toh ga yadda zakayi kar hakan ta same ka.

Da farko ka san wace damisar ake magana. Tamu ta Afirka mai roɗi-roɗi ce, wadda ake wa kirari da damisa ƙi sabo, ita kuma ta Indiya da Sin babba ce mai ratsi-ratsi kuma babu irinta a dajin Afirka ko ɗaya, amma mu duk damisa muke cewa, shi yasa in zaka kawo maganar ka fara da "mutanen Sin sunce" don mai sauraro ya san daga ina ka ɗebo.

Sai ka duba ko muna da namu. In akwai, wlh kayi amfani da namun kawai. Waccan ta ɗigo tana cikin Littafin Irmiya 13:23 na Baibul kuma Turawa daga nan suka samo ta, mu kuma hali zanen dutse ya wadatar. Mutanen Koriya in ana zancen mutum sai gashi ya shigo cewa suke ko damisa akayi zancenta sai ta zo, mu kuwa ɗan halak ƙi ambato. Damisar takarda da Mao, jagoran 'yan kwaminis na Sin, ya kira makamin nukiliyar Amurka da ita a 1946, ai holoƙo hadarin kaka ne, baƙi ƙirin a sama ba ruwa.

Wanda babu irinsa sak a wajenmu shine ya cancanci aro, kuma shi ba'a jefa shi tsirara, sai da labarinsa. Ɗauki wannan na Sin: mutum uku sun isa su haifar da damisa. Wani bafade ne zai yi tafiya yana tsoron 'yan gulma, ya tambayi sarki, in mutum ɗaya yace maka ga damisa a kasuwa zaka yarda? Yace a'a. Biyu fa? Yace zan fara kokwanto. Uku fa? Yace na yarda. Bafaden yace ranka ya daɗe ai kasuwa babu damisa, kuma masu sukata a bayan idona sun fi uku. Ni dai wannan nafi so duk cikinsu, don duk wanda ya taɓa ganin an rufe shaguna a Kasuwar Barci ta Kaduna saboda saƙon WhatsApp da babu wanda ya san asalinsa zai gane shi nan take, ka bada labarin a minti ɗaya, gobe kana cewa "mutum uku" za'a fahimta.

Ka lura da gaban wanda kake. Dutse ɗaya baya ɗaukar damisa biyu, inji mutanen Sin, kar ka faɗe shi a gidan da ake da kishiyoyi. Wanda ya hau damisa sauka ke masa wuya kuwa, ajiye shi sai abokinka yazo yana kukan adashin da ya shiga guda uku lokaci ɗaya.