Kina shan maganin farfaɗiya? Duba waɗannan kafin tsarin iyali ko ɗaukar ciki

Ƴar'uwa, fara da ɗauko kwalin maganin ki karanta sunansa, don da yawa "farar ƙwayar nan" kawai suka sani, alhali duk zancen a kan sunan yake.

In valproate ne, wanda a kemis za ki ji ana ce masa Epilim, toh ki sa ido a kan al'adarki. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ciwon ya tashi, wata uku ma ya isa ki ga yadda abin yake tafiya, wasu matan dama ciwon nasu daf da al'ada yake motsawa. In kin ga jini yana tsallake wata, ƙiba na ƙaruwa ba dalili, gashin kai na zubewa amma kuma wani na fitowa a haɓa, kai littafin wurin likita, maganin nan yana iya rikita sinadaran jikin mace har ƙwai ya daina fita a kan lokaci. Babbar matsalarsa kuma ciki ne, kusan jariri 1 cikin 10 ana haifarsa da nakasa, irin buɗaɗɗen ƙashin baya. Shi ya sa tun kafin ciki ya shiga ake zuwa likita ya duba ko zai canza miki zuwa lamotrigine ko levetiracetam, ya kuma ɗora ki a kan folik asid.

In kuma carbamazepine ne ko phenytoin ko phenobarbitone ɗin nan mai araha, su aikinsu sa hanta ta yi saurin narkar da ƙwayar tsarin iyali, har ashanar hannu ba su bari ba, sai mace ta wayi gari da ciki tana rantsuwa ba ta taɓa fashin sha ba. Allurar wata uku da robar mahaifa su ne ba ruwansu da wannan. Lamotrigine kuma nasa a juye yake, ƙwayar ce ke rage masa ƙarfi, ciwon ya dawo.

Ki faɗa wa nas ɗin tsarin iyali sunan maganinki ko da ba ta tambaya ba. Na san ana ɓoye ciwon nan saboda dangin miji, amma ita kam ba wadda za ki ɓoye wa ba ce.

In ko cikin ya riga ya shiga, don Allah kar ki ajiye maganin da kanki rana ɗaya, faɗuwa da ciki haɗari ne gare ku ku biyu. Ci gaba da sha, ki je asibiti a satin nan da kwalin a jakarki.