Yadda za ka yi aikin hoto ko fim a ƙasar waje da taimakon 'yan gari

Da ɗan gari akan ci gari. Mai ɗaukar hoto, mai zane ko mai naɗar sauti da ya sauka inda bai san kowa ba, galibi wani mutumin kirki ne ke kama hannunsa ya shigar da shi gidajen da ba zai taɓa shiga shi kaɗai ba. Irin wannan alheri yana da saurin lalacewa, kuma yawanci baƙon ne ke lalata shi da rashin tsari.

Fara neman mutum tun makonni huɗu zuwa shida kafin tafiya. Ɗaliban jami'a, ma'aikatan gidan rediyo da masu kula da gidan tarihi sun fi kowa sanin wanda ya kamata a gani. Rubuta bayanin aikinka a layi uku, a fassara maka zuwa harshen wurin, ka buga a takarda, ka kuma ajiye hotuna biyar na aikinka na baya a waya.

Ka ƙayyade buƙatarka. "Ka taimaka mini" kaya ne marar kammo. Ce masa kana neman masaƙa biyu da za su yarda ka zauna da su awa guda da safe. Ka kuma bar masa ƙofar fita, domin kunya kan hana mutum ce wa baƙo a'a, sai ya amsa da baki, ranar aiki kuma wayarsa a kashe.

Inda aka fi samun saɓani shi ne kan iyakar alheri da aiki. Wanda ya nuna maka hanya ko ya haɗa ka da maƙwabcinsa, alheri ya yi. Wanda ya bar sana'arsa ya wuni yana maka tafinta, yana tuƙa ka, yana ɗaukar maka kaya, aiki ya yi, don haka a yanke lada tun kafin a fara. Kuɗin mota, na kati da na abincinsa duk a wuyanka suke. Idan kana tsoron kuɗi zai ɓata masa rai, tambayi wani na uku abin da ya dace, kada ka cusa masa a aljihu a gaban mutane.

Tafinta mai son faranta maka yakan taƙaita amsar minti uku zuwa kalma biyar, ya kuma tace abin da yake ganin zai kunyata garinsu. Roƙe shi ya riƙa fassara jimla bayan jimla, ka naɗi muryoyin biyu, daga baya wani ya saurara ya tantance. Lura kuma, mai masauki guda wurin danginsa da abokansa zai kai ka, sai ka nemi na biyu daga wata unguwa.

Amincewar mai rakiya ba ta wadatar ba. Kowane wanda za ka ɗauka ya faɗi da bakinsa a na'ura: sunansa, kwanan wata, da cewa ya san inda za a nuna aikin. Yara kuwa sai da izinin iyaye. Ka tuna kai za ka hau jirgi, mai rakiyarka shi zai zauna da abin da ya biyo baya. Ko ya ce ba komai, kada ka ɗauki barikin soja, shingen bincike ko filin jirgi. Jirgi marar matuƙi ma a bincika dokarsa, a Maroko jami'an kwastan kan riƙe shi tun a filin jirgi idan ba izini. Tambayi mai rakiyarka ko yana son sunansa a jerin godiya, akwai ƙasashen da hakan ke jawo wa mutum tambayoyin hukuma.

Idan aka ba ka wurin caji, duba cajarka ko an rubuta 100–240V, domin wutar Amurka 120 ce, ta Turai 230. Zo da adafta guda da soket mai baki huɗu, kada ka mamaye wutar gidan. A ƙarƙashin fitilar ɗaki hoton bidiyo kan yi ƙyaftawa idan saiti bai dace da wutar ƙasar ba: inda take 50Hz yi amfani da hoto 25 a daƙiƙa da saurin buɗe idon kyamara (shutter) na 1/50, inda take 60Hz kuwa 30 da 1/60.

Alkawarin "zan turo maka" shi ne wanda aka fi karyawa, sau da yawa don an manta wane hoto ne na wa. Nan take ka rubuta lambar wayar mutum kusa da lambar fayil ɗinsa. Tura cikin mako biyu, a WhatsApp kuma a matsayin fayil, don kada ya matse hoton ya rage masa kyau. Dattijon da ba ya riƙe babbar waya, a wanke masa a takarda mai santimita 10 da 15 kafin ka bar garin, a kai masa har gida.