Yadda ake gwada cakulan na ƙasashe daban-daban a gane mai inganci

Duk lokacin da alhazai suka dawo, ko wani ɗan'uwa ya sauka daga Turai, sai gidajenmu na Birnin Kebbi su cika da tsarabar cakulan, gardama kuma ta tashi. Wannan ya ce na Siwizalan ne sarki, wancan ya ce ai na Beljiyam ba na wasa ba ne. Alhali kuwa ba a noman koko a ƙasashen nan biyu. Kokon bishiya nake nufi, ba na gero da muke sha da ƙosai ba. Fiye da rabin wanda duniya ke amfani da shi daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, mu ma muna noma shi a Ondo da Osun da Kuros Riba. Sunan ƙasar da ke jikin leda yawanci wurin da aka sarrafa shi ne kawai. Ga yadda za ka gwada da kanka.

Da farko ka nemi lokacin sanyi. Man koko yana narkewa ne a kusan digiri 34, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura 40. Na taɓa sayen wani mai tsada a wani kanti da bazara, na buɗe na tarar da shi fari-fari kamar harmatan ya bi ta kansa. Ba lalacewa ya yi ba, narkewa ya yi ya sake daskarewa, amma ɗanɗanon ya tafi. Irin wannan ba a yi masa hukunci. Ka bari sai hunturu, ko da sassafe. Idan a firji ka ajiye, ka fitar da shi a cikin ledarsa ya huce tukuna, don mai sanyi ƙalau ba ya ba da ƙamshi.

Na biyu, kada ka haɗa baƙi da mai madara a gasa ɗaya. Uku ko huɗu masu jinsi guda sun isa. Ka tanadi ruwa mai ɗumi na kurkure baki tsakaninsu.

Na uku, juya ledar ka karanta kayan haɗin, nan ne gaskiya take. Abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Idan sukari ne a gaba a baƙin cakulan, to alewa ka saya. Ka duba kashin koko: dokar Tarayyar Turai ta ce mai madara kada ya gaza kashi 25 cikin 100, baƙi kuma 35, ita kuwa Amurka kashi 10 na niƙaƙƙen koko ta yarda da shi ga mai madara. Sai maganar mai. Na ƙwarai da man koko ake yin sa, na araha kuwa da man ƙwarar manja. Wani abin da zai ba mutumin Kebbi sha'awa, tun shekarar 2000 dokar Turai ta amince a sa wasu mayukan tsirrai har kashi 5, cikinsu har da man kaɗanya, irin wanda matanmu ke tatsa a karkara. Ka kuma duba ko akwai giya, domin wasu masu cike a ciki, musamman na Turai, ana zuba musu.

Na huɗu, ka karya shi kusa da kunne. Baƙi mai kyau zai ce ƙas, bakin karayar ya fita sumul, fuskarsa tana sheƙi. Idan ya lanƙwashe ko ya marmashe, da sauran magana. Mai madara dai dama ya fi taushi.

Na biyar shi ne mai daɗin. Ka shinshina, sannan ka ɗora ɗan guntu a harshe, kada ka tauna. Mai man koko zai narke ya bi bakin lumui. Mai man araha zai bar maka wani maiƙo a ganɗa, kamar ka sha romon da kitsensa ya daskare. Laushin da aka san na Siwizalan da shi ba daga gona ya zo ba: a 1879 Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro injin da ke cuɗa cakulan na tsawon sa'o'i a birnin Bern, shekara huɗu bayan Daniel Peter ya fara haɗa shi da madara a 1875. Na Amurka irin Hershey's za ka ji ɗan tsami-tsami kamar kindirmo. Su sun saba da shi, ni dai bai kwanta mini ba. Golden Tree na Gana, wanda ake yi a Tema, ya fi tauri, yana kuma jure zafi, don haka ya fi dacewa da aljihun ɗan Argungu ko Yawuri.

Idan ka yi sa'a ka samu wanda aka rubuta ƙasar da aka noma kokon, to nan ne bambanci na gaske yake. Na Madagaska yana da tsamin 'ya'yan itace, kamar zoɓo. Na Ekwado ƙamshin fure yake yi. Na Afirka ta Yamma shi ne mai nauyin nan da ɗan ɗaci wanda kowa ya sani da sunan cakulan. Babban kaso na wannan ɗanɗano daga rufi yake zuwa, domin a Gana manoma kan tara ƙwayar su lulluɓe da ganyen ayaba kamar kwana shida kafin shanya, kusan yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa. Idan rufin bai yi ba, sai ka ji bauri yana kama harshe kamar ɗanyen goro.

In kuna da yawa, wani ya ɓare ledojin a ɓoye ya sa wa kowane guntu lamba, kowa ya rubuta zaɓinsa kafin a faɗi sunaye. Da muka yi haka a gida, yayata da ta rantse da na Beljiyam, na Gana ta zaɓa.