Yadda ake gane nau'in tsiron babban hanji ta kamanninsa

Kafin likita ya yanke hukunci kan tsiron da ya hango ta na'urar leƙa hanji, wajibi ne ya wanke wurin da ruwa, ya hura iska har bangon hanjin ya miƙe, domin ɗan ragowar bayan gida kan ɓoye gefen tsiro.

Daga nan sai ya dubi siffa. Tsarin da masana suka amince da shi a birnin Faris a 2002 ya kira tsiro mai wuya 0-Ip, wanda ya zauna kan faffaɗan gindi 0-Is, sannan ɗan tudun da bai kai milimita 2.5 ba 0-IIa. Ana gane tsayin ne ta ajiye rufaffen hantsakin ɗibar nama, wanda kaurinsa ya kai kusan milimita 2.5, a gefensa. Mai wuya shi ne ya fi ɗaukar ido, amma wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne 0-IIc, wato lotsattse, domin ko yana ƙarami yakan riga ya zama sankara ya nutsa cikin bangon hanji.

Bayan haka sai a kunna hasken NBI, mai fito da ƙananan jijiyoyin jini, a bi tsarin NICE, wanda ke rarraba tsiro bisa launinsa, jijiyoyinsa da zanen samansa. Tsiron da launinsa ya yi daidai da na kewayensa ko ya fi shi haske, jijiyoyinsa kuma ba sa fitowa sosai, galibi haifaplastik ne, wato nau'in da ba kasafai yake zama sankara ba, kuma idan yana can ƙarshen hanji bai wuce milimita 5 ba, haɗarinsa kaɗan ne. Adinoma kuwa, wato nau'in tsiron da ke iya rikiɗewa ya zama sankara, ta fi kewayenta duhu, jijiyoyi masu ruwan ƙasa suna zagaye fararen zane masu kama da bututu ko rassa, kuma cire ta ake yi. Idan zanen ya rushe, jijiyoyin suka tsittsinke ko suka ɓace, a yi zargin sankara mai zurfi, kada a gutsuttsura tsiron.

Akwai wani da yakan kuɓuce wa ido ƙwarai, wato shimfiɗaɗɗen tsiro mai haƙoran zarto, wanda ya fi zama a ɓangaren dama na babban hanji. Kodaɗɗe ne, gefensa ba ya fita sarai, samansa kamar gajimare, kuma sau da yawa majina ce ke lulluɓe shi. Majinar da ta manne wuri guda a ɓangaren dama, a wanke ta a hankali a duba abin da ke ƙarƙashinta, sannan a aika duk abin da aka cire ɗakin gwaji don tabbatarwa.