Yadda Ake Sarrafa Agogo a Wasan Ces Mai Sauri

A majalisarmu ta Tudun Wada, nan Gusau, na sha ganin yaro ya cinye wa abokin karawarsa sarauniya da doki, har ya fara murmushi, sai agogonsa ya nuna sifiri, wato lokacin da aka ba shi ya ƙare, ya sha kashi. Haka zai tashi yana cizon yatsa. Saboda irin waɗannan yaran na zauna rubuta wannan.

Da farko ku daidaita kan lokaci kafin a taɓa ko soja ɗaya. A ƙa'idar FIDE, hukumar ces ta duniya, in kowa yana da minti 10 ko ƙasa da haka, bilis ake bugawa, wato wasa mai tsananin sauri. Sama da minti 10 zuwa ƙasa da awa ɗaya kuma rafid ne. Sabon shiga kada ya fara da minti 5 zalla, ban yarda da shi ba. Ya fara da 3+2, wato minti 3, kuma duk tafiyar da ka yi ka danna agogo (naka lokacin ya tsaya, na abokinka ya fara gudu), a ƙara maka daƙiƙa 2. Da wannan ake buga gasar bilis ta duniya, kuma Bobby Fischer na Amurka ne ya nemi rajistar agogo mai irin wannan ƙarin a 1988. Agogon gaske yana da tsada. Manhajar Lichess tana da agogo a ciki, kyauta, sai ku ajiye waya gefen allo. Ku sa ta yanayin jirgi, don kira ya taɓa watsa mana wasa ana tsaka da shi.

Hannun da ya matsar da ɗa shi ne zai danna agogo, wannan doka ce. Kada ka ɗora yatsa kan maɓalli kana jira.

To, ga inda ake faɗuwa. Yi lissafi: minti 3 daƙiƙa 180 ne. In wasa ya kai tafiya 40, ƙarin zai ba ka wasu 80, jimilla 260. Kowace tafiya ke nan tana da daƙiƙa 6 da rabi. Ni a nan na daɗe ina shan kashi. Da wasa ya kai tsakiya sai in hango wata dabara, in tsaya ina auna ta, in sake aunawa, kafin in ɗago kai minti ɗaya da rabi ya wuce a kan tafiya guda. Dabarar ta yi kyau, amma sauran wasan cikin rawar hannu nake buga shi, ina kyautar da 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya.

Maganin da na samu uku ne. Tafiyar farko guda 8 zuwa 10 ka haddace su kamar karatun allo, buɗe ɗaya da farare, ɗaya da baƙaƙe, kada su ci maka fiye da daƙiƙa 20. Sannan dogon tunani sau biyu kawai aka yarje maka a wasa, kowanne kada ya wuce daƙiƙa 25. In ka ga tafiya mai kyau da ba ta jefa ka cikin haɗari, yi ta, bar neman wadda ta fi. Na ukun shi yara suka fi mantawa: lokacin da agogon abokinka ke gudu, naka tunanin kyauta ne. Ba lokacin kurɓar shayi ba ne ko tanka wa 'yan kallo. Tambayi kanka me zai yi, ka tanadi amsa.

Ka riƙa satar kallon agogo bayan kowace tafiya 5. In ka sauka ƙasa da daƙiƙa 30, rage 'ya'ya ta hanyar musaya, ka yi gajerun tafiya kusa da agogo.

In lokacin abokinka ya ƙare, tsayar da agogo ka faɗa da bakinka, 'yan kallo ba su da hurumi. Amma in sarki kaɗai ya rage maka a allo, ba ka ci ba, canjaras ne.