Ga masu son ware wani yanki na gona don itatuwan katako

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da na gani a tawa gonar.

Kada a cakuɗa itacen turare (eucalyptus) da sauran itatuwa. Turare saurin girma gare shi, cikin shekara biyar zuwa bakwai ka samu sandunan rufi, in ka sare ya sake toho daga kututture. Amma shan ruwa yake kamar raƙumi, duk abin da ke gefensa sai ya rame. A ba shi wurinsa daban, nesa da rijiya da gonar hatsi.

Maɗaci shi ne na mai haƙuri, sai ka yi wa 'ya'yanka shuka. Matsalarsa wata tsutsa ce da ke cin kan sabon toho, sai itacen ya rabu rassa biyu ko uku, katako ya lalace. Duk damina ka zaga da wuƙa, ka bar reshe ɗaya mafi miƙewa, ka cire sauran tun suna ƙanana. Ni na yi sakaci shekara biyu, yanzu wasu sai dai inuwa.

Tazarar mita 3 kowane gefe tana ba ka kusan itace 1,100 a hekta. In rassa suka fara haɗewa, a sassare raunanan.

A dasa bayan damina ta kankama, a kula da gara, a yi shinge saboda awaki. Da zarar ciyawa ta bushe a watan Nuwamba, a share gefen gonar faɗin mita huɗu ko biyar kafin masu farautar ɓera su sa wuta.